A riƙa faɗa mana asalin zanen da ake bugawa

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu buga hotunan zane-zanen addinin Kirista kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato fitar da hoto babu sunan mai zane, babu shekara, babu bayanin abin da aka yanke ko aka sauya.

Mu ɗauki zanen Jibin Ƙarshe, wato abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, wanda Leonardo da Vinci ya kammala wajen 1498 a bangon ɗakin cin abinci na gidan ibadar Santa Maria delle Grazie a birnin Milan na ƙasar Italiya. Faɗinsa ya kusa mita 9. Fentin ya fara ɓarewa tun mai zanen yana raye, kuma a 1652 aka fasa ƙofa a ƙasan bangon, ta tafi da ƙafafun Yesu. Duk da haka, sau da yawa hoton da ake sayarwa yakan fito fes, launi garau, har da ƙafafun, domin daga kwafin wani aka ɗauko shi, mai saye kuwa yana zaton aikin Leonardo ya rataya.

Ita ma kyamara tun asali ba ta faɗin gaskiya duka. Farantan ɗaukar hoto na ƙarni na 19 kan mayar da shuɗi fari-fari, ja kuma ya koma baƙi, saboda haka shuɗin mayafin Maryamu yakan koɗe, jar rigarta ta yi duhu. Da Karel Klíč, wani mai zane ɗan Czech, ya kyautata hanyar sassaƙa hoto a farantin tagulla a 1879, sai bugu ya yawaita, kurakuran ma suka bazu tare da shi. Yankewa kuwa ta fi ɓarna: ƙananan mala'iku biyun nan da suka yi tagumi, mutane da yawa ba su san cewa daga ƙasan zanen Maryamu da jaririnta da mai zane Raphael ya yi, wanda ke birnin Dresden na Jamus, aka ciro su ba.

Ban raina amfanin injin bugu ba, domin wanda ya je Milan ma kusan minti 15 kawai ake ba shi a gaban bangon. Roƙona shi ne a rubuta layi biyu a ƙasan kowane hoto: sunan mai zane, shekara, inda zanen yake, girmansa, da ko an yanke shi ko an taɓa launinsa.

Naka,
Wani mai karatu