Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Ministan Ilimi: A Bar Wa Makarantu Ɗan Sauran Dajinsu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin kimiyya ne a makarantar firamare. Na san abin da ke tafe da ni bai kai girman matsalolin da ke gabanka ba, amma ya hana ni sukuni.

A bayan azuzuwanmu akwai wata 'yar siririyar hanya da sawun yara ya fitar, ta ratsa ciyayi ta bi ta gefen wani kududdufi. Na shekara da shekaru ina kai ɗalibai can. A nan suka ƙirga ƙafafun gizo-gizo suka samu 8, na tururuwa 6, suka gane da kansu cewa ba dangi ɗaya ba ne. A nan suka ga talibambam ya tsiro ƙafafun baya kafin na gaba, wutsiyarsa tana ta raguwa har ya zama kwaɗo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata tumfafiya da ke bakin hanyar. Wata yarinya, wadda ko sunanta aka kira a aji da ƙyar take amsawa, ita ta hango tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya tana cin ganyen. Na ja musu kunne a kan farin ruwan tumfafiya, domin yana illa ga ido, sannan na bayyana musu cewa tsutsar tana tara dafin a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ba sa son cin ta. Kullum yarinyar sai ta je dubawa. Ranar da tsutsar ta gama rikiɗa zuwa malam-buɗe-littafi, ya fito daga kwansonsa, fikafikansa a jiƙe a yamutse, da gudu ta zo ta kira ni, kuma ita ta tsaya gaban 'yan ajin ta yi musu bayani tiryan-tiryan. Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba.

Da muka dawo daga hutu, sai muka tarar an feshe wurin da maganin ciyawa, an sare komai, an ce tsafta ce. Tanar da muke tonowa mu ga yadda take sassauta ƙasa, gansakukar da ke jikin dutse, ƙoƙi-ƙoƙin da ke laɓe a ganye, duk babu. Yanzu a allo nake zana musu fure da ƙudan zuma, ina faɗa musu cewa kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona na duniya suna amfana da barbarar da ƙwari da makamantansu ke yi. Suna kwafa a littafi, amma fuskokinsu na nuna mini maganar ba ta shiga ba.

Na san ana tsoron maciji da kunama, ni ma uba ne. Sai dai maganin wannan shi ne a riƙa share hanyar, yara su sa takalma, a hana su cusa hannu a rami ko ɗaga dutse ba tare da malami ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka ba da umarni kowace makaranta mai fili ta ware ko da murabba'in mita 50 ta bar wa tsirrai da ƙananan halittu, a hana feshi a wurin, a kuma sa fita duba su cikin jadawalin darasi. Mu malamai za mu kula da shi, yara kuma su rubuta sunayen tsirran a ƙananan alluna. Tumfafiyar nan ta fara tohowa daga kututturenta, ina fata umarninka ya riga mai feshi isowa.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyya