Rahoton Ayyukan Shekara: Dalma da Zaiba a Wuraren Haƙar Zinare

'Yan uwa masu girma, assalamu alaikum. Ga abin da kwamiti ya gudanar a bana.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne wajen fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Dalili ba ɓoyayye ba ne: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, sannan a 2015 ta sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja. Dutsen yankinmu yana ɗauke da dalma tare da zinare. Idan aka niƙa shi a bushe, ƙurar kan sauka a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki, daga nan sai amai da jijjiga. Saboda haka muka zagaya wuraren aiki muna nuna niƙa da ruwa, muka hana amfani da injin niƙan hatsi, muka kuma ware wurin wanka da sauya tufafi kafin a koma gida.

Inda muka sha wuya shi ne ragowar ƙasar da aka wanke zinare daga cikinta. Har yanzu akwai masu ɗibarta su buga tubali, da masu zuba gero a buhun da ya ɗauki dutse. Gyaran gida ɗaya da ya gurɓata kuwa aiki ne ja: sai an kankare saman ƙasa kamar santimita 5, a kai ta rami a binne, a shimfiɗa sabuwa. Maganin da ake ba yaron da dalmar jininsa ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ba ya ɗorewa muddin ya koma gidan da ba a gyara ba.

Kan zaiba, wadda ake kama zinare da ita, mun koyar da abu biyu. Kada a zuba ta cikin dutsen da aka niƙa gaba ɗaya, sai bayan an wanke an tace ya zama ɗan kaɗan. Ƙona dunƙulen zaiba da zinare kuma a yi shi cikin tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, tururin ya huce cikin ruwa a sake amfani da zaibar. Kuskuren da muka fi gani shi ne buɗe murfi da zafinsa. Garajen ganin zinare ke sa mutum ya shaƙi tururin zaibar da yake ƙoƙarin guje wa.

Masunta sun kawo kukan ruwan wanki da ke gangarawa kogi, kuma gaskiyarsu ce, domin zaiba na taruwa a jikin kifi mai cin kifi, kamar giwan ruwa. Mun fara haƙa ramukan da laka za ta kwanta kafin ruwa ya wuce. Na farko damina ta cinye shi, don mun haƙa shi dab da gaɓa.

Aikin baɗi shi ne cike tsofaffin ramukan haƙar zinare kafin ruwan farko, da gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5.