A daina miƙa wa 'yan siyasa makirufo ranar godiyar kaka

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon ɗan fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni 'yar Katolika ce daga ƙetaren gada a nan Kaduna, kuma shekara shida ke nan ni ke riƙe da littafin alkawura na kwamitin godiyar kaka a cocinmu. Ba zan kama sunan cocin ba, don Fadanmu mutumin kirki ne, kuma ba a wurinmu kaɗai ake wannan abin ba.

A ƙarshen 2022, ana dab da zaɓe, kwamiti ya gayyato wani ɗan takara ya zama babban baƙo. Bai iso ba sai da Fada ya yi nisa da wa'azi. Da shigowarsa da 'yan rakiya, masu tsara zama suka ruga suka tashi tsofaffi daga bencin gaba. Cikinsu har da wata Mama mai dogara sanda, wadda da kanta ta ɗebo ruwan da aka kwaɓa simintin ginin nan. Ta ɗauki carbinta ta koma can baya kusa da ƙofa, ba ta ce uffan ba. Bayan Misa aka ba shi makirufo. Ya ce shi namu ne, ya yi alkawarin naira miliyan biyu don gyaran rufi, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma na rubuta.

Abin da ya shigo hannu ranar, dubu ɗari biyu ne a ambulan. Saura, aka ce mu je ofis. Sau uku ina zuwa da kuɗin motata, daga baya ma waya ta daina shiga. Har yau shiru kake ji kamar an shuka dusa.

Matan Zumunta kuwa, mai ɗari biyar, mai dubu, mai mudun masara, mai doya, mai kaza da za a yi gwanjonta, babu wadda sunanta ya kwana a littafina. Har a lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da mutane ke wuni a layin banki, sai ka ga mace ta kwance bakin zani ta miƙo mini tsohuwar ɗari biyu. Da irin wannan kuɗin aka sauya rabin kwanon. Ɗaya rabin, muna tara bokiti duk damina.

Ban ce coci ta kama bakinta a kan mulki ba. Idan Akbishop Matthew Ndagoso ko Bishop Matthew Kukah suka yi magana a kan kashe-kashe da yunwa, aikinsu suke yi. Amma faɗa wa mai mulki gaskiya daban, ara wa mai neman ƙuri'a gaban bagadi daban. Dokar Ikilisiya ta hana firistoci shiga harkar jam'iyya. To don me za mu shigo da jam'iyyar ta taga?

Na san inda rauninmu yake. Wanda ya ga 2000 da 2002 da 2011 a garin nan, ya ga yadda kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabta, ya tuna bom ɗin da aka kai cocin St. Rita a 2012, da ɗaliban firistanci huɗu da aka sace a 2020 aka kashe ɗaya, to duk wanda ya ce masa "ni naka ne" zai saurara. Da tsoron nan ake cin kasuwa. Alhali a benci ɗaya kana iya samun Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi da Ibo, kuma ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Akwai dattawa biyu a ƙungiyar maza da ba su sake gaisawa ba tun zaɓen nan, amma layi ɗaya suke bi zuwa karɓar Jibi.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan kwamiti mu muka je har gida muka roƙe shi, ni ma ina cikin motar. Yakubu ya riga ya ja mana kunne a kan mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau, talaka a ce masa ya tsaya can. Muna karantawa, muna cewa amin.

Coci na bukatar kuɗi, wannan ba gardama: man janareta, masu gadin ƙofa, albashin Katikis. Amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ambulan ɗin gida-gida ya zama abin fargaba. Na ga gwauruwa tana kuka don an ce sai an duba katin mijinta an ga ko ya cika kuɗin ƙungiya kafin a tsayar da ranar jana'iza. Mai bashin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas kuwa, babu wanda ya duba katinsa.

Roƙona ga iyayenmu firistoci da majalisun coci: ɗan siyasa in ya zo sujada, ya zauna inda ya samu. Kada a sanar da gudummawa sai ta shiga asusu. A kuma riƙa karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa da Turanci, ko da sau ɗaya ne a wata uku.

Zaɓen 2027 na matsowa, har an fara raɗe-raɗin wanda za a gayyato bana. Mama dai ba ta koma bencin gaba ba. Na tambaye ta, ta ce, "'Yata, nan ya fi iska."

Taku,
Wata 'yar Zumunta, Kaduna