Jami'in walwalar jama'a ma yana buƙatar mai sauraronsa

Ya Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili kan halin da jami'an walwalar jama'a ke ciki a ƙananan hukumomin Jigawa 27. Su ke zama da matar da miji ya kora da goyo, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Jami'i ya wuni yana sauraron kuka, ya hau babur zuwa ƙauye da man aljihunsa, ya dawo babu wanda zai tattauna da shi. A hankali barci ya ƙaurace masa, ya fara yi wa masu ƙorafi tsawa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar wurin aiki.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wulaƙancin wasu shugabanni: zagi a gaban jama'a, riƙe alawus, barazanar tura mutum ƙauye mai nisa.

Wanda hakan ta same shi ya rubuta kwanan wata, kalmomin da aka faɗa da sunan shaida a ranar. Ƙorafin baki shi ke kashe magana, domin gobe za a musanta. A rubuta takarda kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimi a riƙe, a sanar da NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi. In abin ya ci tura, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Muna roƙon shugabannin sassa su ware awa ɗaya kowane mako, a zauna a raba ƙararraki masu nauyi tsakanin ma'aikata.

Wasu tsofaffin jami'an walwala, Jihar Jigawa