Ga wanda kajinsa suka mutu da jarinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da waɗanda suka sayar da fuloti, ko suka kwashi adashe, suka zuba a kiwon kajin nama da kyakkyawan zato, sai kajin suka zube a sati na biyar. Asarar kuɗi da ciwo, amma abin da ke biyo bayanta ya fi damunmu. Mutum ya daina barci, ya fara zargin maƙwabta da baki, har ya soma tambayar kansa ina amfanin istiharar da ya yi.

Ɗan'uwa, kafin ka yanke wa kanka ko wani hukunci, nemi sanin abin da ya kashe su. Ɗauki biyu ko uku da ba su jima da mutuwa ba, haɗa da guda mai ciwo, ka kai wa likitan dabbobi ya feɗe. Gawar da ta wuni a rana ba ta nuna komai. Sau da yawa dalilin a fili yake. Rigakafin Lasota da na Gumboro, waɗanda ake ba kaji a ruwan sha domin kare su daga cuta, sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In mai shagon da ya sayar maka ya kwana biyu ba wuta, ko ka jiƙa rigakafin da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ko ya wuce awa biyu a mazubi, ruwa kawai ka ba su. Wanda kuma ya sa kajinsa suka yi nauyi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ya cusa fiye da 10 a murabba'in mita ɗaya ƙarƙashin kwano, zafi ne ya kashe su ba asiri ba. Ranar da mutum ya ji sunan matsalar daga bakin likita, zuciyarsa kan fara sauka, domin ya ga abu ne mai gyaruwa.

Sai lissafi. Rubuta abin da ya rage: mazuban ruwa da na abinci, buhunan da ba a buɗe ba, ɗakin kansa. Je wurin masu binka bashi da ƙafarka tun ba su zo ba, ku tsayar da abin da za ka iya biya duk wata. Kada ka ɓoye wa iyalinka adadin.

Babban kuskuren da muke gani shi ne cin sabon bashi domin a rama da kaji 1,000. Muna roƙonka, kada ka yi. Kwashe buntun ƙasa gaba ɗaya, wanke ɗakin, yi feshi, bar shi wofi aƙalla kwana 14. In za ka koma, fara da 'yan tsaki 50, kuma kuɗin abincinsu ya kasance a hannu tun ranar farko. Kowace kaza za ta ci kilo 4 zuwa 5 kafin ta kai sayarwa, wato kaji 50 za su ci buhu 8 zuwa 10 mai kilo 25. Wanda ya ga ya haƙura da kiwon, babu abin kunya a ciki. Ya sayar da kayan ya rage bashi.

Wanda kuwa ya haura sati biyu ba ya ci ba ya barci, ko yake cewa gara mutuwa, 'yan'uwa su raka shi asibiti, kada a tsaya kan ba shi haƙuri kaɗai.

Naku,
Wasu masu kiwon kaji, Kano