Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, manyanmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta masu kula da netwok ɗin ofisoshi da kamfanoni a nan Abuja ta yi a bana, daga teburin sakatare.

Zaman wata-wata dai bai tsaya ba, muna yinsa a Wuse, in an samu cikas mu koma guruf ɗinmu na WhatsApp. Horon matasa ma Alhamdulillah ya tafi daidai, yaran da ke zuwa daga Kubwa da Nyanya da Gwagwalada yanzu da yawansu suna haɗa kebul su saita rawuta ba sai an tsaya a kansu ba. Lissafin kuɗi kuma ma'aji zai kawo nasa daban.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne kafa saba, wato babbar kwamfuta, da za ta riƙa sa ido kan netwok ɗin kwastomominmu. Kowa ya tuna ranar 14 ga Maris da kebul-kebul na ƙarƙashin teku suka samu matsala, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, waya ta dinga ƙara kowane kwastoma yana cewa intanet ya tafi, kuma wanda ba shi da abin sa ido bai ma san ko matsalar daga cikin ofis take ko daga waje ba. Daga nan aka ce a zauna a zaɓi manhajar sa ido. PRTG kyauta ne amma iyakarsa sensa 100, wato abubuwa 100 da zai riƙa dubawa, daga nan sai lasisi da kuɗin waje, kun kuma san yadda dala take, shi ya sa kwamiti ya tsaya kan wata manhajar mai suna Zabbix, da samfurin 7.0 ya fito a watan Yuni shi muka ɗora.

To inda aka fi kai ruwa rana shi ne girman sabar. Wasu ogoginmu suna cewa a ƙirga na'urori kawai a sayi inji, ni kuwa ina tare da masu cewa yawan na'ura ba shi ne ma'auni ba, abin dubawa shi ne abubuwa nawa kake tambaya a jikin kowace na'ura, duk bayan daƙiƙa nawa, kuma kwana nawa za ka ajiye amsar. Ga lissafin da muka yi a kan allo. Suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis, mai fot (ramin soka kebul) 48, in kana duba abu 5 a kowane fot ta SNMP, hanyar da ake tambayar na'ura halin da take ciki, abu 240 kenan a suwic ɗaya tal. Suwic 50 ya zama 12,000. In duk minti ɗaya kake tambaya, ƙima 200 ce ke shiga databes, wato rumbun ajiye bayanai, a kowace daƙiƙa, a yini sama da miliyan 17, kuma takardun Zabbix sun kiyasta kowace lamba tana cin wajen bayit 90, wato kusan giga ɗaya da rabi a rana, a wata giga 46 da wani abu. Amma ka mayar da shi duk minti 5, sai ya sauko 40 a daƙiƙa, wajen giga 9 a wata. Na'urorin nan dai su ne, ba a rage ko ɗaya ba.

Wannan ya sa muka daina auna komai da mudu ɗaya. Layin da ke fita intanet da babban suwic da sabobi duk minti ɗaya, fot ɗin firinta da na teburin ma'aikata minti 5, wanda ba a soka masa komai ba a kashe shi kwata-kwata. Cikakken tarihi na wata ɗaya muke ajiyewa, taƙaitaccen na awa-awa kuma na shekara, don shi ne kwastoma ke nema in zai ƙara data. Kuma don Allah kar wanda ya sake ɗora databes a tsohon dis mai juyawa (hard disk), dis ne ke fara gajiya kafin furosesa, SSD za a saka, wato dis marar juyawa, mu manhajojin databes na PostgreSQL da TimescaleDB muka haɗa.

Sai maganar wuta da layi, wadda ta fi damuna. Reshen da ke nesa dole a ajiye masa furoksi, wato inji mai tattara bayanai a madadin sabar, a kan inbata, in layi ya yanke ya riƙe bayanan a wurinsa, in ya dawo ya tura. Sannan a saita dogaro tsakanin na'urori, don in rawutar reshe ta mutu alat ɗaya ya zo, ba wai a tashi mutum ƙarfe biyu na dare da saƙo ɗari a kan abu guda ba, irin haka ne ke sa yaranmu su fara share alat har na gaske ya wuce su.

Abin da ya rage wa 2025 shi ne sabar ta biyu a wani gini daban, da raba izini yadda kwastoma ba zai ga na ɗan'uwansa ba, tunda dokar kare bayanai ta 2023 tana kanmu. Duk mai son shigar da kwastomansa ya zo zaman Janairu da jerin na'urorinsa da yawan fot ɗin da ke aiki, da shi za mu san ko dis ɗin zai ɗauka. Allah ya kai mu.

Sakatare