Masu sayar da kajin bantam su daina rantsuwa a kan tsakon mako 2

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana kan kiwon kajin ado da ya shigo mana Sakkwato, musamman ƙananan nan da ake kira bantam. Matasa da matan aure suna ta saye, galibi daga hoton da aka turo musu ta WhatsApp, kuma da yawa suna biyan kuɗin mace su tashi da zakara.

Na fi shekara 30 ina kiwon kajin gida a Mabera, amma bantam bara na fara, bayan damina, saboda jikana ya matsa. Wani mai kaji ya kawo mana 'yan tsaki 8 da ba su wuce mako 2 ba. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta ƙafa, kai a ƙasa, yana cewa, "Hajiya, wagga mace ta, wallahi." A lissafinsa mata 6, maza 2. Kafin hunturu ya wuce zakaru 5 ke yi mana cara. Ban ce ya yi niyyar cuta ba. Abin da ya rantse a kai ne ido ba ya iya gani a wannan lokacin. Ɗaga tsako ta ƙafa, da rataya allura da zare a kansa, da cewa ƙwai mai tsini zakara ne, duk canki ne. Akwai ƙwararrun da ke duba duburar tsako ran da aka ƙyanƙyashe shi, fasahar da ta fito daga Japan, amma tsakon bantam ya yi ƙanƙanta, matsa shi kan iya kashe shi. Shi ya sa ko a Amurka manyan gidajen ƙyanƙyasa sukan sayar da su a cakuɗe.

Alamar da na fi yarda da ita ita ce tsoro, wato naman nan na saman kai, da leɓe. Daga mako 4 zuwa 8 tsoron namiji yakan fara tasowa ya yi ja, leɓen ƙarƙashin baki ya leƙo, alhali na mace yana nan ƙarami, fari-fari ko ruwan ɗorawa. Amma sai an jera 'yan kwanci ɗaya, iri ɗaya, a kwatanta su. Wajen wata 3 zuwa 4 a buɗe gashin wuya da na gadon baya kusa da jela: na zakara siriri ne mai tsini da sheƙi, na mace bakinsa a zagaye. Kada a ruɗu da ɗan tsiron nan na bayan ƙafa, domin mata ma suna da shi.

To, a nan ne iri yake shigowa, kuma a nan ne ilimina na kajin gida ya gaza. Cikin namu akwai Sebright, mai gashi kamar an zana wa kowane ɗaya baki da alƙalami. Wani Bature ne, Sir John Sebright, ya samar da irin a Ingila wajen shekarar 1800, kuma zakaransa gashin mace gare shi: ba tsini a wuya, ba doguwar jela mai lanƙwasa. Na yi ta jiran alamar da ba za ta zo ba, har ranar da ya hau bakin turmi ya yi cara da 'yar muryarsa. Silki kuwa, mai gashi kamar auduga da baƙar fata da yatsu 5, ta fi kowa wahala. Tsoronta duhu ne, tuntun gashi ya rufe shi. Sai wajen wata 4 ko 5 za ka ga na namiji ya kumbura, wasu dogayen silin gashi suna fita ta ƙeya, ita kuwa macen tuntunta yana nan a dunƙule.

Balagar sagara ba ta da wuyar ganewa. Fuska da tsoro su yi ja, ta riƙa leƙe-leƙen lungu tana surutu, in ka kai hannu ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai. A taɓa ƙasusuwa biyun da ke gefen dubura: in sun matse, da saura, in sun buɗe wurin ya yi laushi, ƙwai ya kusa. Yawanci wata 5 zuwa 7 ne, silki takan wuce haka. Balagar silkina ta faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba ta fara ba sai da ruwa ya sauka.

Hali ne abin da na fi so iyaye su kula da shi, tunda yara ake saya wa. Jikana ya zaɓi wani tsako mai zuwa hannu, ba ya gudun kowa. Da ya kai wata 5 shi ne ya fara sauke fiffike ɗaya yana zagaya mutum, wata rana ya daki ƙanwar jikan nawa mai shekara 3 a ƙafa. Ƙaramin jiki ba ya rage wa zakaran bantam zuciya, kuma tsakon da ba ya tsoron mutum yakan zama zakaran da ba ya shakkarsa. Wanda na bari a gida shi ne wanda in ya samu gara ba ya ci, sai ya kira mata yana ɗauka yana ajiyewa. Sauran na rabar wa masu fili. Haka kuma tsakon da ya tsaya shiru, fukafukai a zube, ido a lumshe, kada a ce mai sanyin hali ne; ciwo ne, a ware shi a nemi likitan dabbobi. Wajen tashi ma iri ya bambanta: Sebright ta tsallake katangarmu sau biyu. Silki ba ta iya tashi, tuntu yana tare mata gani, don haka in ba rumfa shirwa za ta ci.

Roƙona ga masu sayarwa su faɗa wa mutum gaskiya cewa a cakuɗe suke, su sa kuɗi daidai da haka. Mai son mace tabbas ya jira 'yar wata 3, ya ƙara kuɗi. Ina kuma kira ga malaman tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo su shiga rediyo su yi mana bayani da Hausa, har da lokutan rigakafi kafin hunturu. Silkina yanzu tana kwanci a kan ƙwan zabi 6 da aka kawo mini daga Wurno, yau kwana 19, kuma su sai kusan kwana 28.

Mai karanta jaridarku,
daga Mabera, Sakkwato